Haruffa a Kundin Hotuna da Katin Biki: Tambayoyi da Amsoshi

Masu haɗa kundin hotuna na zamani, da katin ɗaurin aure, da kalandar biki, da hoton barka da suna sun yawaita a Sakkwato, daga masu shago a bakin titi har 'yan makarantar da ke yi da waya a ɗaka. Jera hoto ba ya ba su wahala sosai. Inda aiki ke kwancewa shi ne rubutu, domin yawancin haruffan ado da ake saukowa daga intanet ba don Hausa aka yi su ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Mene ne bambancin salon rubutu da abin da ake kira alfa?

Salon rubutu fayil ɗaya ne mai ƙarewa da .ttf ko .otf, wanda kake sa wa waya ko kwamfuta. Da zarar ya shiga, sai ka riƙa buga kalma yadda ka saba, ta fito da siffar da aka zana mata. Alfa kuwa hotuna ne. Kowane harafi hotonsa daban, galibi fayil ɗin hoto na PNG marar bango, wato ba komai a bayan harafin, an yi masa ado kamar an yanko shi daga katako, ko ƙarfe, ko yadi, ko takarda mai ƙyalli. Ba a buga alfa, ɗauko ta ake yi harafi-harafi a jera da hannu. In za ka rubuta WALIMA, sai ka jawo W, da A sau biyu, da L, da I, da M, kowanne a leyarsa, wato shimfiɗarsa daban da za a iya matsarwa ba a taɓa sauran ba. Shi ya sa alfa ta kanun shafi ce, suna ko kalma ɗaya zuwa uku. Wanda ya ce zai jera adireshin wurin ɗaurin aure da alfa, la'asar za ta same shi bai kai rabi ba.

Na buga ƙ, sai wani akwati ya fito a wurinta. Waya ce ta lalace?

Wayarka lafiyarta lau. Haruffanmu masu ƙugiya suna da gurbinsu a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta da waya, tun farkon shekarun 1990, amma samun gurbi daban, zana harafin daban. Wanda ya zana salon rubutun a Amurka ko Indonesiya ya yi haruffan Ingilishi 26, ya ƙara 'yan na Faransanci da Jamusanci, ya tsaya nan. Idan manhaja ta nemi ƙ ba ta samu ba, ko dai ta sa akwati, ko ta bar fili, ko ta aro harafin daga wani salon. Na ukun ya fi haɗari, domin ba kowa ke lura ba: kalma duka a lanƙwashe mai kyau, sai ɗ ɗaya ta tsaya a tsakiya siririya, tsayinta ma bai yi daidai da sauran ba.

Kafin ka ƙaunaci kowane salo, buga wannan layin da shi: Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ. Takwas ɗin suka fito da kauri ɗaya da sauran haruffa, to ci gaba. In ba haka ba, sake wani tun ba ka yi nisa ba.

To waɗanne ne ke ɗauke da su?

Noto Sans da Noto Serif na Google suna da su. Haka Andika, da Charis, da Gentium na ƙungiyar SIL, da DejaVu Sans. Arial da Times New Roman na sababbin Windows ma suna da su. Duka na Google da na SIL kyauta ne. Gaskiya ba su da kwalliya irin ta salon katin aure, amma don bayanin ƙasan hoto da jerin sunaye, Charis da Gentium sun fi ƙarfin a raina su. Manhajar zane ta PixelLab na barin ka shigo da salonka daga ma'ajiyar waya. A manhajar Canva kuwa, ɗora salo daga waje sai mai biyan kuɗi, don haka mai amfani da na kyauta ya yi gwajin layin can a kan waɗanda ke ciki.

Yaya zan buga su?

A waya, shiga saitin Gboard, madannan rubutu na Google, ka ƙara harshen Hausa. Haruffan za su samu, sau da yawa ta hanyar danne b, d, k ko y na ɗan lokaci. Windows ma na da madannan Hausa a cikin harsunan da ake ƙarawa. A Word akwai gajeriyar hanya: buga lambar harafin ka danna Alt da X tare. Lambar ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199; manyansu kuma Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198. Sai dai ka bar fili kafin lambar, daga baya ka goge shi, domin idan a, b, c, d, e ko f ce ke gabanta, Word zai ɗauka tana cikin lambar ya fito maka da wani abu dabam. Mafi sauƙi duka, ajiye haruffan takwas a wani ɗan fayil ka riƙa kwafowa.

Alfar da na saya kyakkyawa ce, amma ba ta da ɗ ko ƙ. In jefar da ita?

A'a, ƙera su za ka yi, kuma kayan aikin na cikin alfar kanta. Dubi ƙaramar f. Samanta ya lanƙwasa zuwa dama, kuma wannan lanƙwasar ita ce ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ. Kwafi f ɗin, goge komai ka bar wuyan da kan, sannan ka ɗora shi a kan sandar b, ko d, ko k, bayan ka ɗan datse saman sandar. Ka tabbata kaurin ya haɗu, kuma tsayin sabon harafin bai wuce na l ko h da yawa ba. Tunda daga alfa ɗaya suka fito, launi da haske za su dace. Abin da ya rage shi ne mahaɗar: a zuƙo hoton sosai, a bi wurin da magogi mai laushi har layin ɗinkin ya ɓace.

Manyan haruffa sun ɗan bambanta, kuma a nan mutane ke kuskure. Ƙugiyar Ɓ da Ɗ a saman hagu take, tana fita waje ta sauko ƙasa kaɗan. Don samunta, ɗauki J, juya ta sama ta koma ƙasa, wutsiyarta ita ce abin da kake nema. Ta Ƙ kuwa a ƙarshen hannun nan na sama na dama take, inda yake miƙewa sai ya lanƙwaso. Sa kan f ɗin nan, ka ɗan karkata shi ya bi hannun. Idan alfar mai haske ce ta gefe ɗaya, kamar ta ƙarfe, juya J zai juya hasken ma, sai ka gyara da hannu.

Da ka gama, ajiye kowanne a matsayin PNG marar bango cikin jakar alfar, da suna bayyananne. Aikin rana ɗaya ne, amfaninsa na shekaru. Wani abin dariya, p da q da v da x da aka cika jakar da su, Hausa ba ta buƙatarsu sai a sunayen waje, waɗanda muke buƙata kullum kuma babu.

Ba zan iya sa k kawai ba? Ai kowa zai gane.

A saƙon waya tsakaninka da abokinka, ba mai kama ka. Kati da kundi kuwa ajiye su ake yi. Katin da ya ce "manyan baki" a maimakon "manyan baƙi" ya ba 'yan ɗaurin aure abin hira. A suna abin ya fi nauyi: Ɗahiru, Ɗanjuma, Ƙasimu, Ɗan Galadima. Kada ka yi mamaki in dattijo ya ɗaga katin ya ce maka, "Yaro, wanga ba sunana na ba." Waɗannan haruffa tun shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, zamanin da ake tsara ƙa'idojin ɗab'in Hausa a Zariya, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Rubuta k' ko 'd dabara ce ta zamanin tafireta, ba ta da dalili yanzu.

Amma akwai togiya. Idan mai suna da kansa yana rubuta sunansa ba ƙugiya, kamar yadda yake a takardun makaranta ko katin shaida, tambaye shi wanda yake so. Ka sa ya turo maka sunayen a rubuce, kada ka ɗauka daga saƙon murya.

'Y ko Ƴ?

Ƙa'idar Najeriya 'y ce, ta Nijar ƴ. Mu da ke da dangi a Illela da Birnin Ƙonni mun saba ganin duka biyun. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa daga bangon kundi har shafin ƙarshe. Abin lura kawai, alfa da yawa ba su da alamar nan ta sama da ake buƙata a 'ya'ya, da Asma'u, da Sa'idu, da A'isha. Ɗauki waƙafi ka ɗaga shi sama. In shi ma babu, gutsuro daga wutsiyar wani harafi.

Na jera haruffan, amma kalmar ba ta zauna ba. Me ke faruwa?

Abu biyu ne, layin ƙasa da tazara. Jawo layin jagora a kwance, kowane harafi ya taka shi kamar sahun salla, ba mai wuce ɗan'uwansa. Kada ka dogara da maɓallin daidaitawa na manhaja, domin shi gefen hoton yake aunawa, kuma filin da ya kewaye kowane harafi ba ɗaya ba ne. Haruffa masu zagaye, O da S da C da U, a bar su su ɗan leƙa ƙasan layin kaɗan. In suka tsaya cif, ido zai ga kamar suna shawagi. Ƙananan g da j da y kuwa wutsiyarsu ce ke sauka, jikinsu na kan layi.

Tazara ido ke auna ta, ba ma'auni ba. Sunayenmu cike suke da A, kuma A mai karkatattun ƙafafu ce. A YAHAYA ko HAUWA, idan ka ba kowane harafi tazara ɗaya, tsakanin Y da A, ko W da A, zai buɗe har kalmar ta rabu biyu. Matso da su har gefen ɗaya ya ɗan shiga inuwar ɗayan. Haka L da A, da T da A. Masu miƙaƙƙen jiki kuma, kamar H da I da M a IBRAHIM, suna son a sakar musu fili. Hanyar gwaji: juya shafin kai ƙasa. Da ka daina karanta kalmar, ramukan za su bayyana. Bayan ka gamsu, haɗa leyoyin su zama rukuni ɗaya, don in za ka matsar ko ka rage girma su tafi tare. Wajen rage girma a ja daga kusurwa, kada a matse harafi ta gefe.

Inuwa fa, nawa ya kamata?

Kaɗan. Amfaninta harafi ya yi kamar an manna shi a kan takarda. Mai kauri kamar katako ya samu inuwa mai ɗan nisa, na takarda kuwa ta manne masa. Duk inuwar shafi ta faɗi gefe ɗaya, kuma ruwan ƙasa mai duhu ya fi baƙi ƙirin kyau. Salon rubutu na bayani ba ya buƙatar inuwa ko kaɗan, tawada ce a kan takarda.

Zan iya haɗa alfa tawa da kayan gida?

Wannan ce tambayar da na fi so, domin ita ce ke raba aikinka da na kowa. Sakkwato gari ne na fata. Fatar jar akuyar nan tamu ce aka daɗe ana kaiwa arewacin Afirka ta hamada, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Je wurin dukawa, nemi izini, ɗauki hoton jemammiyar fata ja ko rawaya. Ko saƙar tabarma, ko aikin wuyan babbar riga, ko ƙwarya mai zane, ko atamfar ankon bikin da kake wa kundi. A ɗauka a inuwa da safe, waya a saitin abin, domin ranar garin nan tana wanke launi ta bar ƙyalli.

Daga nan buga kalmarka da salo mai kauri wanda ke da ƙugiyoyi, irin Noto Sans mai nauyi. Ɗora hoton fatar a leyar da ke samanta, ka sa hoton ya shige cikin haruffan. A manhajojin gyaran hoto na Photoshop da Photopea, danna Ctrl da Alt da G tare ke yin haka. GIMP na kyauta ma na iyawa, PixelLab kuma na da wurin sa wa rubutu hoto a ciki. Tunda salo ne a ƙasa, matsalar ƙ da ɗ ta kau gaba ɗaya. Zaɓi abu mai ƙananan zane. Atamfa mai manyan furanni tana cinye siffar harafi, sai an yi masa ɗan layi a gefe kafin ya karantu.

Ina son sa sunan amarya da ajami. Akwai alfarsa?

Kada ka neme ta. Haruffan Larabci haɗuwa suke yi, kuma siffar harafi na canzawa idan yana farko, ko tsakiya, ko ƙarshe, ko shi kaɗai. Jera su ɗaya-ɗaya zai ba ka abin da almajirin da ke babbaƙu ma zai yi wa dariya. Haka kuma ba a buɗa tazara a ajami. In ana son kalma ta yi tsawo, jan layin da ke tsakanin haruffa ake yi. Wasu manhajojin ma sukan wargaza rubutun ko su juya shi ya fara daga hagu, don haka a duba da kyau.

Sai batun hannu. Yawancin salon Larabci da ke waya na gabas ne. Namu na allo, mai bin ƙira'ar Warshu, fa'unsa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafunsa ɗigo ɗaya a sama, kuma wasalin e ɗigo ne a ƙarƙashin harafi. Unicode ta ba wa fa'un da ƙafun da nunun irin namu lambobinsu a 2016. SIL ta fitar da Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano, da Harmattan don harsunan Afirka ta Yamma, kuma duka biyun suna Google Fonts.

Amma in shawarata za a bi, je wurin malami mai kyan hannu, irin masu zayyanar allon sauka. Ya rubuta maka sunan da alƙalami da tawada a farar takarda, ka ba shi haƙƙinsa, ka ɗauki hoto, ka cire farin, ka ajiye PNG. Garin da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙinta da Fulatanci da Hausa da Larabci, garin da har yau ake adana rubuce-rubucen hannu a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, bai rasa masu hannu ba. Kuma tunda ajami ba shi da ƙa'ida ɗaya tilo, malamin ne zai faɗa maka yadda mutanen gidan suka saba rubuta ts ko ɓ.

Ya dace a sa aya ko Bisimilla a kati?

Wannan hukuncin na malamai ne da masu biki, nawa lura ce kawai. Katin gayyata, da sitikar da ake manna wa roba da bokiti, ƙarshensu ƙasa ko shara. Kundin da za a adana a gida daban ne. In za a sa, a kwafo daga ingantaccen mushafi, kada a yanka ta don ta shiga fili, kada a ɗora hoto a kanta, kuma wanda ya sani ya duba kafin a buga.

Salo nawa zan haɗa a shafi ɗaya?

Biyu: ɗaya na kanu, ɗaya na bayani. In alfa ce a kanu, ita ce adon, sauran su yi shiru. Kuma salo mai kama da rubutun hannu ba a buga shi duka da manyan haruffa, ba ya karantuwa.

A waya ya yi kyau, a takarda ya dushe. Me ya sa?

Alfa hoto ce, tana da iyaka. Ana buga aiki mai kyau da ɗigo 300 a kowane inci. Shafin kundin da masu sayar da alfa suka saba yi wa kaya inci 12 ne tsawo da faɗi, wato ɗigo, ko fiksel, 3600 kowane gefe. A4 kuma 2480 da 3508. Harafi mai tsayin fiksel 600 zai fito tsaf a inci 2, kimanin santimita 5. Ka ja shi ya ninka haka, gefensa zai narke. Don fileks, babban ƙyallen sanarwa na ƙofar gida, yi amfani da salon rubutu ko fayil ɗin zane na SVG, waɗanda ba sa fashewa komai girma. Buɗe shafinka da girman bugu tun farko, ba da girman hoton sitatus ba.

Launi ma na canzawa, domin fuskar waya haske take fitarwa, firinta kuwa tawada huɗu take gaurayawa. Ruwan zinare da ke walƙiya a waya, a takarda rawaya ne mai duhu; zinare mai ƙyalli sai an manna shi da injinsa. Siraran fararen haruffa a kan baƙi sukan cike. Buga guda ɗaya ka gani kafin a saki injin.

Kwanan watan Musulunci fa?

Kada ka jera shi da alfa, bar shi rubutun da za a iya gyarawa. Kalandar waya lissafi take bi, a Najeriya kuwa Fadar Sarkin Musulmi ce ke sanar da ganin wata, kuma akan samu bambancin kwana ɗaya. In bikin na cikin watan da bai kama ba, faɗa wa masu shi, su zaɓa ko a jira ko a sa ranar mako da kwanan watan Turawa kawai.

Duk abin da na sauko kyauta, zan iya yin sana'a da shi?

Ba duka ba. Alfa da yawa an ba da su ne don amfanin kai, kuma akwai ɗan fayil na sharuɗɗa a cikin jakar da ba mai buɗewa. Buɗe shi. Salon da ke ƙarƙashin lasisin kyauta da ake kira OFL, irin su Noto da Charis da Alkalami, an yarda a yi aikin kuɗi da su. Tura wa abokan sana'a jakar alfar da ka saya kuwa, yawancin masu ita sun hana.

Yaya zan kai wa mai bugu ba tare da haruffan sun canza ba?

Kwamfutarsa ba lallai tana da salonka ba, kuma da ta musanya shi, ƙugiyoyin ne farkon tafiya. A manhajar zane ta CorelDraw zaɓi rubutun ka danna Ctrl da Q ya koma zane. A Illustrator, Ctrl da Shift da O. Yi wannan a kwafi, ka bar na asali mai leyoyinsa, domin ba a rasa kawun da za a tuna da sunansa bayan an gama. Ko kuma ka fitar da PDF, ko PNG mai cikakken girma. Bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, rubutu kuma ya nisanci baki da aƙalla milimita 5. In ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil, ba hoto ba, don kada a matse shi. Kafin ya danna bugu, ya buɗe a gabanka, ka karanta sunayen da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, kana bin saƙon da masu biki suka turo.